Ɗan Ci-rani da Haƙƙinsa a Kanmu: Darasi daga Ƙasar Gaya da Ajingi

Gabatarwa



Batun da zan yi magana a kansa yau shi ne taimakon baƙin 'yan ƙwadago, watau mutanen da kan bar garuruwansu su tafi wata ƙasa su sayar da ƙarfinsu, a sallame su da yamma, gobe da asuba kuma su sake fitowa nema. A ƙasar Hausa mun daɗe da raɗa musu suna, muna ce da su 'yan ci-rani. Da wuya a sami wani a cikinmu wanda ya wayi gari yau bai amfana da guminsu ba. Ruwan da aka yi alwala da shi a gidaje da yawa na birnin Kano ɗan ga-ruwa ne ya turo shi a kura, buhun hatsin da aka sauke a Dawanau ɗan dako ne ya saɓa shi, ɗakin nan da muke zaune a ciki kuwa lebura ne ya kwaɓa simintinsa. Amma da za a tambaye mu sunan ɗayansu, ko garinsu, ko inda ya kwana jiya, kaɗan ne za su iya amsawa.

Zan kafa misalina da ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, saboda dalilai biyu. Na farko na tarihi ne. Bisa ga ruwayar da Abagayawa, tsofaffin maƙeran Kano, suka gada, kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dala, ya zauna. Idan haka ne, to, birnin nan da baƙi suke tururuwa zuwa cikinsa, sunan baƙo mai neman abin sana'a yake amsawa. Dalili na biyu kuwa shi ne, wannan yanki yana tura 'ya'yansa ci-rani kowace shekara, kuma baƙi suna ratsa shi, domin babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Wudil ta nufi Dutse ta Gaya ta wuce. Mutumin Ajingi ya san zaman baƙunci, ya kuma san karɓar baƙo.

Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca abu ɗaya ne. Ɗan ci-rani ba mabaraci ba ne, sabili da haka sadaka ba ita ce babbar bukatarsa ba. Abin da ya fi bukata shi ne a san da zamansa, ya sami masauki da wanda zai tsaya masa, a kuma biya shi haƙƙinsa. Magabatanmu sun yi wa wannan bukata tsari. Mu kuwa mun bar tsarin ya sukurkuce ba mu kafa wani a madadinsa ba.

Mene ne Ci-rani, Me Kuma Yake Kawo Shi?

Kalmar da kanta ta yi bayanin kanta: a je a cinye rani a wani wuri. A ƙasar Gaya da Ajingi damina kamar wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. A yanke gero wajen ƙarshen damina, a girbe dawa da wake da kaka, a kai amfani rumbu. Daga nan sai aikin gona ya ɗauke, sai fa ga wanda Allah ya hore wa fadama. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 170,000 a Ƙaramar Hukumar Ajingi, da fiye da 200,000 a ta Gaya, kuma mafi yawansu da noma suka dogara.

To, magidanci a Toranke ko Kunkurawa yakan yi wani lissafi wanda ba a rubuta shi a takarda. Ya dubi damman da ke rumbu, ya dubi bakunan da ke gida, ya ƙirga watannin da suka rage kafin sabon gero. Idan samari uku suka fita na wata biyar, tuwon da za su ci a waɗannan watanni ya zauna a rumbu, ya jira marka, lokacin da hatsi yake tsada, ga kuma aikin noma mai cin ƙarfi. Kun ga ribar ci-rani biyu ce ke nan: abin da mutum ya komo da shi, da abin da bai ci ba a gida. Wanda bai gane wannan lissafi ba shi ne yake ɗaukar 'yan ci-rani 'yan yawon banza.

Ci-rani ya girmi zuwan Turawa. Masaƙa da marina da wanzamai da dukawa sukan bi kasuwanni da rani, malamai kuma su fita da almajiransu. Amma mulkin Turawa, bayan cin Kano a 1903, ya sauya kamanninsa. An tilasta biyan haraji da tsabar kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuma dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta, kafaɗun leburori ne suka jera buhunanta. Waɗansu suka nufi haƙar kuza a Jos, waɗansu gonakin koko a ƙasar Yarbawa da ta Asante. Wani masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar da aka yi a hanyoyin Lardin Sakkwato da ranin 1952 zuwa 1953, inda aka ƙirga matafiya fiye da 250,000, a cikinsu har da masu yawa daga ƙasar da yanzu ake kira Nijar.

Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma bukatar kuɗi ba ta soku ba. Gyaɗar da manomi ya dogara da ita ta riga ta durƙushe, saboda farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta auka mata a 1975. Gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado. Ga takin zamani, ga magani, ga aure da suna. Sabili da haka tafiya ta ƙara nisa, ta kuma ƙara tsawo. Wanda a da yake tsayawa Kano ya komo da ruwan shuka, ɗansa yana Ikko ko Fatakwal ko Abuja, yana acaɓa ko bola-jari ko gyaran takalmi, wani ma sai salla ake ganinsa. Gurbin da ya bari a Kano kuwa wani ne daga Damagaram ko Tasawa ko Maraɗi ya cike shi, yana ga-ruwa ko gadi ko haƙar rijiya ko sayar da shayi.

Yadda Magabata Suka Tsara Karɓar Baƙo

Bahaushe ya ce baƙonka Annabinka, amma magabatanmu ba su tsaya ga karin magana ba, sun yi wa abin ƙa'ida. Idan baƙo ya iso gari, zauren wani yakan nufa, wanda ya ji labarinsa daga 'yan garinsu da suka riga shi. Mai masaukin ya kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci in da bukata. Kafin baƙo ya kwana biyu an san sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. A manyan kasuwanni wannan aiki ya zama sana'a, ana ce da mai yinta fatoma.

Idan muka duba da kyau, ayyuka huɗu mai masauki yake yi wa baƙonsa. Yana ba shi makwanci. Yana ajiye masa kuɗinsa da kayansa, domin wanda yake kwana a zaure ba shi da akwati mai makulli. Yana tsaya masa, watau ya haɗa shi da mai aiki, ya shaidi jingar da aka yi, in an hana shi haƙƙinsa ya bi masa, in kuma shi ya yi ɓarna a zo wurin mai masauki. Na huɗu, idan ya kwanta ciwo a yi jinyarsa, in ta Allah ta kasance a yi masa sutura a aika wa danginsa. Mai masauki ba don Allah kaɗai yake yi ba. Yana samun la'ada, yana samun jama'a, yana samun girma a gari. Lalle an yi waɗanda suka ci amanar baƙinsu, amma wanda ya yi haka labarinsa yakan riga shi isa ƙauye, baɗi zaurensa ya zama kango. Wannan ne ya sa tsarin ya ɗore, domin moriyar mai gida tana ɗaure da lafiyar baƙo.

Sunayen unguwannin Kano shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Kowace al'umma an ba ta wurin sauka da shugaba. Hausawa kuma da suka fita sun tafi da wannan tsari. Zangunan Kumasi da Ankara a kansa aka kafa su, haka unguwar Sabo ta Badun wadda aka kafa a 1916, wadda Abner Cohen ya yi littafi a kanta a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro gaba ɗaya ya rataya a wuyan masu masauki. Addini kuma ya ƙarfafa al'adar. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutane takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba waɗanda ake ba zakka, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu, kuma malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada sananne.

Yadda Tsarin Ya Sukurkuce

Abubuwa uku suka haɗu a shekarun 1970 suka fi ƙarfin zaure. Na farko fari. Ƙasar Hausa ta san yunwa tun da, ta yi Kakalaba a 1914, ta yi 'Yar Buhu a 1927, amma farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobin Buzaye da Fulani, ya koro dubban mutane kudu. A Nijar an tara waɗansu a sansanin Lazare kusa da Yamai, waɗansu kuwa suka ƙetaro zuwa Kano da Katsina da Sakkwato. Makiyayin da ya saba da garken raƙuma ya koma gadin ƙofar wani. Na biyu kuɗin man fetur, wanda ya buɗe gine-gine da masana'antu a Bompai da Sharaɗa, ya jawo samari daga ƙauyuka fiye da yadda aka taɓa gani. Na uku sauyin zama. Fili ya yi tsada, zaure ya koma kanti ko ɗakin haya, sababbin gidaje kuma da katanga da ƙofar ƙarfe aka gina su. Gyare-gyaren mulki, har zuwa na ƙananan hukumomi na 1976, sun rage ikon En'e da masu unguwanni, amma ba a ɗora wa wani ofishi nauyin sanin baƙo ba.

Sakamakon wannan ya bayyana a watan Disamba na 1980. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya tara jama'a a unguwar 'Yan Awaki, kuma tarzomar da ta tashi ta ci rayuka 4,177 bisa ga ƙidayar hukuma. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a kan ma'aikatan Kano, ya nuna cewa da yawa daga cikin mabiyansa gardawa ne da samarin ƙauye da suka shigo birni neman abinci, suka tarar ƙofofin da aka saba buɗe wa irinsu sun rufe. Ba ina wanke kowa daga laifi ba ne. Ina jawo hankalinku ne ga wata gaskiya: wanda ya ba baƙo makwanci da tuwon dare, shi ne ya mallaki kunnensa. In mutanen kirki suka bar wannan aiki, wani zai ɗauka.

Amma darasin da hukuma ta ɗauka dabam ne. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. An ƙiyasta waɗanda suka fita sun kusa miliyan biyu, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran kuwa har da 'yan Nijar da Cadi masu yawa. Mun manta cewa a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta yi wa Hausawa da Yarbawa irin wannan kora, mutane suka bar gidaje da rumfunan da suka shekara talatin suna ginawa. Sa'an nan a 1984 aka rufe iyakokin Nijeriya, abin ya zo daidai da wani babban fari, ba a buɗe ba sai 1986. Talakawan Nijar da aka datse wa hanyar ci-rani da ta hatsi suka sa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Duk ma'aikacin da zai sa hannu a takardar rufe hanya ya kamata ya tuna da wannan suna.

Ɗan Ƙwadago a Gaban Doka da Kan Hanya

A takarda, ɗan ci-rani yana da kariya. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin tafiya da zama a duk inda ya so a ƙasar. Yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, kuma ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna zirga-zirga har sai an yi sabon tsari, abin da yake haƙƙi a da ya koma alfarma.

Dokokin ƙwadago kuwa kusan ba su san da shi ba. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma dokar da kanta ta cire masu aikin jinga, da masu aikin lokaci-lokaci irin na gona, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta dogara ne da kuɗin da mai kamfani yake zubawa bisa ga takardar albashi, shi kuwa leburan da aka ɗauka a bakin titi da safe sunansa ba ya kan kowace takarda. Idan ya faɗo daga bene, abin da zai samu ya danganta ga imanin ɗan kwangila. Idan aka ce masa ya komo gobe a biya shi, goben ta zama jibi, ba shi da shaida, kuma kowace rana da ya ɓata wajen bin bashi ranar abincinsa ce ta tafi.

Sai haɗarin hanya. A watan Agusta na 2019 jami'an Jihar Legas suka tsare mutum 123 da suka taho daga Jigawa a babbar mota da baburansu, daga baya aka sake su don ba a same su da laifi ba. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komowa Jihar Kano yin salla, saboda an zarge su da satar mutane, ba wanda ya tsaya ya bincika. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Waɗannan al'amura sun bambanta, amma a kowannensu za ku tarar da mutanen da suka fita neman abinci ba wanda zai tsaya musu a inda suka sami kansu.

Ga kuma ciwo. Lokacin ci-rani shi ne lokacin sanƙarau, cutar da take son zafi da ƙura da cunkoson makwanci. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma Kano tana cikin inda ta fi tsanani. Mutum ashirin da suke kwana a shago ɗaya ba taga, in ɗaya ya kamu, sauran suna cikin haɗari, haka iyalansu a ƙauye ranar da suka koma. Lafiyar baƙo lafiyar gari ce.

Taimakon da Ya Dace

Muna da hukumomi da ƙungiyoyin agaji. Akwai NEMA wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, da Red Cross, da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na sauran ƙungiyoyin addini, da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano wadda aka kafa a 2003. Suna aiki, Allah ya saka musu. Amma yawancin aikinsu bayan ɓarna yake zuwa, in an yi gobara ko ambaliya ko tarzoma. Rabon shinkafa da azumi alheri ne, sai dai yana ƙarewa a mako guda, kuma mai ƙarfin da ya saba cin guminsa yakan ji nauyin shiga layi. Shawarata ita ce mu koma ga ayyuka huɗun nan na mai masauki, mu tambayi kanmu wa zai yi kowannensu yau.

Na farko makwanci. A kusa da kowace babbar kasuwa da tasha ana bukatar masaukin 'yan ƙwadago mai iska da ruwa da makewayi, wanda za a riƙa biyan ɗan abin da ba zai gagara ba. Biyan yana da muhimmanci, domin shi yake tsare mutuncin mai kwana, ya kuma riƙe gyaran wurin. Wannan aiki ne da ya dace da waƙafi. Attajirin da yake son ya gina masallaci a unguwar da take da masallatai biyar, malamai su nuna masa cewa rumfar kwanan baƙi ma sadaka ce mai gudana.

Na biyu ajiya. A nan zamani ya taimaka, domin wayar hannu da masu POS sun rage tafiya da kuɗi a lalita. Amma buɗe asusu yana bukatar lambar katin ɗan ƙasa, kuma wanda ba shi da ita sai ya tura kuɗinsa ta asusun wani, inda ake yawan cin amana. Ƙaramar hukuma kamar Ajingi tana iya kai masu rajista kasuwannin ƙauye da kaka, kafin samari su watse, maimakon a jira su zo sakatariya.

Na uku tsayawa, kuma shi ne mafi girma. A gida, kafin mutum ya tashi, ya kamata dagacinsa ya san inda ya nufa, ya ba shi takardar shaida mai ɗauke da sana'arsa da lambar wayar da za a kira. Dokar jiha ta 2024 ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu a masarauta ɗaya, kuma ba abin da zai hana irin wannan masarauta ta riƙa hulɗa da sarakunan Hausawa na garuruwan kudu inda mutanenta suka fi sauka. A wurin aiki kuwa, kowace matattarar leburori tana da babba wanda suke jin maganarsa. A amince da shi, a riƙa yanke jinga a gabansa ana rubutawa, a kuma kafa ɗan kwamitin sulhu na shi da mai unguwa da limami da jami'in ƙwadago, wanda zai saurari ƙarar lada a rana ɗaya. Abin da ya gagari sulhu a miƙa wa Hukumar Taimakon Shari'a, wadda tun 1976 aka kafa ta don marasa ƙarfi. Amma ina gargaɗi: ranar da rajistar baƙi ta zama hanyar karɓar kuɗi ko tarkon kamu, ranar ta mutu, domin ba wanda zai sake kawo kansa. Kuma ɗan Damagaram da yake tura kura a Kano a rubuta shi kamar yadda muke so a rubuta ɗan Balare a Fatakwal.

Na huɗu jinya. A riƙa kai allurar rigakafi da duba marasa lafiya tashoshi da kasuwanni da yamma, lokacin da suka tashi daga aiki, domin ɗan ƙwadago ba zai bar aikin safe ya je layin asibiti ba sai ciwo ya kayar da shi. A kuma ware wani kaso na zakka, wanda dama shari'a ta ba matafiyi, don kuɗin magani da kuɗin motar wanda ya karye ko aka sace masa guzuri, da mayar da labarin wanda ya rasu ga danginsa.

Akwai na biyar wanda mai masauki bai yi ba, amma ya wajaba a kan hukuma, watau rage tilas a cikin tafiyar. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta mayar da ƙasar Kura da Kadawa wurin da ake zuwa ci-rani maimakon wurin da ake bari. Ruwan da ya fito daga Tiga da Challawa ta Wudil yake wucewa ya nufi Haɗeja. Duk kadadar fadamar da aka gyara a gabashin Kano, da rijiya da injin ban-ruwa da hanyar kai tumatir kasuwa, saurayi ne aka ba zaɓi tsakanin tafiya da zama. Ba cewa nake a hana ci-rani ba, ba mai iya hana shi, kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin nema shi ne mutum ya fita don ya ga riba a fitar.

Kammalawa

Ku ɗalibai, akwai aikin da yake jiranku. Mutum nawa suke fita daga gundumarku kowane rani, ina suke zuwa, me suke komowa da shi, wa yake riƙe matansu da tsofaffinsu kafin su dawo? Wanda ya zauna da dagacin garinsu da hutu ya rubuta amsar waɗannan tambayoyi ya yi wa hukuma aikin da za ta iya tsara taimako a kansa. Ku ma'aikata kuwa, mutumin nan mai ƙura a ƙafa da yake tsaye a bakin tagar ofishinku, bai san sunan takardar da yake nema ba, ku tuna cewa kowace sa'a da ya yi a tsaye daga ladan yininsa aka cire ta.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Gaskiya ne baƙo yakan tafi, amma al'ummar da take tura 'ya'yanta ƙasashen mutane kowace shekara ba ta da bakin neman a mutunta su a can, muddin ba ta mutunta na wasu a ƙofarta ba. Maƙerin da ya taso daga Gaya ya sami wurin sauka a gindin Dala. Jikokinsa ne mu, masu gida da baƙi baki ɗaya.

Nan zan dasa aya.